Tubalan Koyon Kodin na Yara: Wa Zai Riƙe Su Gobe?

A ƙarshen shekarar 2025 kamfanin Google ya miƙa ragamar wata manhaja mai suna Blockly ga gidauniyar Raspberry Pi da ke Ingila. Labarin bai yi amo ba, don yawancin malamai da iyayen da 'ya'yansu ke amfani da Blockly ko sunanta ba su taɓa ji ba. Amma duk yaron da ya taɓa jan tubali a shafin Code.org, ko ya haɗa manhajar waya da App Inventor, ko ya sa fitilun 'yar na'urar nan micro:bit suka yi walƙiya ta hanyar MakeCode, to a kan Blockly ya yi aikinsa. Scratch kanta, wadda ta fi su duka suna, ɓangaren tubalanta a sigar da ake amfani da ita yanzu daga Blockly aka samo shi. Ke nan abin da ya sauya hannu ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata a tsaya a tambaya: waɗannan kayan da muke kira kyauta, wa ke ɗauke da nauyinsu, kuma har yaushe?

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Yarinya ta buɗe Scratch. A dama akwai fili da kyanwa mai ruwan lemo a tsaye, a hagu jerin tubala kala-kala, tsakiya kuma wayam. Shuɗɗan tubala na motsi ne, masu ruwan ɗorawa na tayar da aiki, koraye na lissafi. Ta jawo wanda ke cewa a fara idan an danna koriyar tuta. Ta ƙara na alƙalami. Ta ɗauko wanda ke cewa a yi taku 100 da wanda ke cewa a juya digiri 90, ta cusa su cikin wani tubali mai buɗaɗɗen baki da ke cewa a maimaita sau 4. Ta danna tuta, kyanwa ta zana murabba'i. Sai malama ta ce, to, yanzu a zana alwatika. Yarinyar ta tuna a ajin lissafi an ce kowace kusurwar alwatika mai daidaitattun gefuna digiri 60 ce, sai ta sa 60, ta mai da maimaitawar sau 3. Kyanwa ta ja layi uku ta tsaya, zanen bai rufe ba, ya fito rabin wani abu mai gefe shida. Nan ne karatun ya fara. Sai ta miƙe tsaye ta taka zanen da ƙafarta, ta lura cewa kafin ta dawo inda ta faro tana fuskantar inda take fuskanta da farko, sai ta yi cikakken juyi guda, wato digiri 360. Ta raba shi gida uku, ta sami 120. Ba wanda ya gaya mata. Kuskurenta ne ya bayyana a gabanta, ita kuma ta bi sawunsa.

Hikimar tubalan tana cikin siffarsu. Tubalin da amsarsa "e" ko "a'a" ce yana da tsini a gefe biyu, ramin da ke jiransa ma haka yake. Wanda ke ɗauke da lamba ko kalma ƙwai-ƙwai ne. Tubalin umarni kuwa yana da 'yar gaɓa a sama da ƙasa, yadda zai hau kan ɗan'uwansa. Saboda haka ba za ka iya liƙa umarni a gurbin tambaya ba, ba zai ma zauna ba. Wanda ya taɓa koyon harsunan kodin da ake rubutawa, irin su Python ko Java, ya san yadda waƙafi ɗaya da aka manta ke hana komai tafiya, kwamfuta ta watso maka jan rubutu da Turancin da babba ma sai ya yi da gaske. Yaro ɗan shekara 9 da ke neman haruffa ɗaya-ɗaya a kan kibod, wannan kaɗai ya isa ya sa shi ya ce abin ba nasa ba ne. Tubala sun ɗauke masa wannan wahalar, suka bar masa wadda ta cancanci a sha: ta tunani.

Tunanin ya girmi Scratch nesa ba kusa ba. A 1967 Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka fito da Logo, harshen da yara ke ba wani kunkuru umarni yana zane. Papert, haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget, ra'ayinsa shi ne yaro ya fi koyo idan yana ƙera abin da ya dame shi da kansa, kuma yaro ne ya kamata ya sarrafa kwamfuta, ba ita ta sarrafa shi ba. Almajirinsa Mitchel Resnick da tawagarsa a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar da Scratch a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa 16. ScratchJr ta biyo baya a 2014 don 'yan 5 zuwa 7, tare da Marina Bers ta jami'ar Tufts. Yau masu rajista a Scratch sun haura miliyan 100, ayyukan da aka ƙirƙira a shafin sun wuce biliyan 1 tun 2024, kuma ana iya amfani da ita cikin harsuna fiye da 70. Ita kuwa Blockly, wadda injiniyan Google Neil Fraser ya faro aka fitar a 2012, ba manhajar da yaro zai buɗe ba ce kai tsaye. Kayan aiki ce da masu gina manhaja ke ɗauka su ɗora nasu a kai.

Scratch da ScratchJr da Blockly da App Inventor duk buɗaɗɗen tushe gare su. Ma'ana, rubutun da aka gina su da shi yana nan a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya rarraba, bisa sharuɗɗan lasisin da aka ɗora musu. Amfanin wannan ba sai an yi dogon bayani ba, tarihi ya riga ya nuna. Google ta fito da App Inventor a 2010, a 2011 ta ce ta daina. Da rufaffiyar manhaja ce, shi ke nan, malaman da suka tsara darussansu a kanta sai dai su rungumi ƙaddara. Amma an saki tushenta, MIT ta karɓa ƙarƙashin Hal Abelson, aka sake buɗe ta a 2012, ga ta nan har yau ɗalibai na haɗa manhajojin waya da ita. Gwada wannan da Mindstorms, mutum-mutumin kamfanin LEGO da makarantu suka kashe kuɗi masu yawa a kai tun 1998: a ƙarshen 2022 kamfanin ya daina ƙera shi, kuma ba wani da ke da ikon ɗauka ya ci gaba daga inda aka tsaya. A tsakiyar 2025 ma Google ta rufe CS First, shirinta na darussa da aka gina a kan Scratch, gidauniyar Raspberry Pi ta fito da Experience CS a madadinsa. Kamfani na bin abin da ya fi masa a wannan shekarar, ba laifi ba ne, haka kasuwa take. Yaran da ke aji uku bana kuwa suna bukatar kayan da za su same shi a aji shida.

Saboda haka ni ina ganin komawar Blockly hannun gidauniya alheri ne. Raspberry Pi ƙungiyar agaji ce wadda aikinta kenan, koyar da yara kwamfuta. Ita ke riƙe da kulob-kulob na koya wa yara kodin, Code Club tun 2015 da CoderDojo tun 2017, wato tana jin koken malami daga bakinsa. Scratch ma tun 2019 ta bar ƙarƙashin MIT ta koma hannun gidauniyarta mai zaman kanta.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Mutane da dama sun ɗauka da zarar an ce manhaja buɗaɗɗiya ce, to ta tsira har abada. Lasisi yana hana wani ya kulle ta ya tafi da makulli, amma ba ya biyan albashin wanda zai gyara ta. Mun san rijiyar burtsatse da ake haƙa wa unguwa: ta kowa ce, ba mai hana ka ɗiba, amma ranar da famfo ya lalace, idan ba a tanadi mai gyara da kuɗin gyara ba, sai ta zama ƙarfe a tsaye yara na wasa a kai. Manhaja ma lalacewa take yi ko ba wanda ya taɓa ta, don abin da take zaune a kai yana sauyawa. Scratch ta farko da harshen Squeak aka rubuta ta. Ta biyu, ta 2013, an ɗora ta a kan Flash na kamfanin Adobe. Da Flash ya kama hanyar mutuwa (a ƙarshen 2020 aka rufe shi), dole aka sake rubuta Scratch tun daga tushe da JavaScript, aka fitar da ta uku a Janairun 2019. Sau uku kenan ana gina abu ɗaya cikin shekara 12, kuma kowane gini aikin injiniyoyi ne masu iyali da haya. Ba 'yan sa-kai ne za su yi wannan da dare bayan sun taso daga aiki ba.

Akwai kuma ɓangaren da lasisi bai ma shafa ba. Abin da ya sa Scratch ta zama Scratch ba tubalan kaɗai ba ne, dandalin ne: yaro a Nairobi ya ga wasan da yarinya a Sao Paulo ta haɗa, ya danna ya leƙa cikinsa, ya ga yadda aka jera tubalan, ya kwafa ya sauya ya fitar da nasa, sunan mai asalin aikin na manne a jiki. Duk aikin da aka wallafa a shafin yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ya halatta haka. To wannan dandali a kan manyan kwamfutoci yake zaune, ana biyan kuɗinsu wata-wata. Kuma tunda yara ne, dole a sami mutane masu sa ido dare da rana, suna cire zagi da batsa, suna korar manyan da ke shigowa da mugun nufi. Dokokin kare yara a intanet ƙara tsauri suke yi, daga dokar COPPA ta Amurka ta 1998 zuwa dokar tsaron intanet ta Birtaniya ta 2023, kuma bin kowace doka kuɗi ne. Scratch ba ta sa talla, ba ta sayar da bayanan yara. Da gudummawa take rayuwa. Kana iya kwafe tushen manhajar cikin minti biyar, amma ba ka iya kwafe jama'a. An ga haka a 2020 lokacin da aka toshe shafin Scratch a ƙasar Sin: manhajojin da aka gina a kan tushenta, irin su mBlock ta kamfanin Makeblock, suka ci gaba da aiki, amma yaran ƙasar suka rasa cuɗanya da sauran yaran duniya.

Maganar kuɗin nan ce ta sa sauyin lasisin Scratch ya ja hankalina. Da farko sigar ta uku tana ƙarƙashin lasisin BSD ne, mai sassauci ƙwarai: kamfani zai iya ɗauka, ya yi mata kwaskwarima, ya rufe, ya sayar, ba tare da ya mayar da komai ba. A ƙarshen 2024 aka koma lasisin AGPL, wanda ya ce duk wanda ya gyara manhajar ya kuma ba jama'a ita, ko da ta intanet ne, sai ya saki gyaran nasa kowa ya gani. Snap!, 'yar'uwar Scratch da Jens Mönig da Brian Harvey suka gina don manyan ɗalibai, ita ma wannan lasisin gare ta. Ana iya cewa sharaɗin zai kori wasu kamfanoni, kuma gaskiya ne zai kori wasu. Amma wanda ya ci gumin masu ba da sadaka ya gina kasuwancinsa, neman ya dawo da abin da ya ƙara ba zalunci ba ne. Blockly kuwa tana kan lasisin Apache mai sassauci, kuma ya dace da ita, don aikinta shi ne ta shiga cikin kayan kowa.

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi shafar mu. An tsara Scratch ne da tunanin yaro mai kwamfuta ko tablet mai faɗin fuska. A gidajenmu kuwa, idan akwai na'ura, to wayar Android ce ta uwa ko ta yaya, ita ma ana lissafin data da caji. Jan tubali da ɗan yatsa a fuskar waya, ga fili ga jeri ga wurin aiki duk a matse, azaba ce. Masu abin sun san da haka. Tawagar Resnick ta fitar da OctoStudio a 2023, wadda aka yi don waya tun daga farko kuma tana aiki ba intanet. Kafin ita akwai Pocket Code daga jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya, buɗaɗɗiya, ita ma a waya ake komai. A ganina duk manhajar tubalan da ba ta zauna daram a kan waya mai araha ba, ba ta da rabo a wurin yawancin yaran Afirka da Kudancin Asiya, kuma su ne yaran duniya na gobe. Scratch tana da sigar da ake saukewa a yi aiki ba intanet, kuma aikin yaro fayil ɗaya ne da za a iya ɗauka a filas a kai wata kwamfutar. Wannan ba ƙarin ado ba ne, kada wani ya yanke shi da sunan rage kashe kuɗi.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka kawo na'ura aka manta da sauran. A 2007 shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, ya yi gwaji a wata firamare da ke Galadima a Abuja da 'yan korayen kwamfutocinsa. Shirin bai yaɗu a Najeriya ba. Manhajar da ke cikin kwamfutocin, Sugar, ta rayu a hannun 'yan sa-kai tun 2008 saboda buɗaɗɗiya ce, amma rayuwarta a intanet ba ta koyar da yaron da ba shi da wuta, ba shi da malamin da aka horar. Shirin Africa Code Week da kamfanin SAP ya faro a 2015 ya fi gane wannan, don ya ba horar da malamai muhimmanci, kuma da Scratch ya yi yawancin aikinsa.

Hausa tana cikin harsunan da ake iya zaɓa a Scratch, tare da Swahili da Zulu da Amharik. Hakan ya yiwu ne saboda ƙofar fassara a buɗe take ga masu sa-kai. Ba kamfanin da zai zauna ya lissafa riba ya ce a yi wa yaran Gumel ko Tasawa fassara. Amma kalmomin da ke jikin tubala su ne ƙaramin aikin. Babban shi ne darussa, da katunan aiki, da jagorar malami, da misalan da yaro zai ga kansa a ciki, sannan a ci gaba da bin fassarar duk lokacin da aka ƙara sabon abu. Wannan ba aikin masu Scratch a Amurka ko masu Raspberry Pi a Ingila ba ne. Sassan koyar da Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin ilimi suna harabar makaranta ɗaya. Aikin ɗaliban ajin ƙarshe na shekara guda zai iya cike giɓi mai yawa.

Wasu yaran kuma tubalan suka bari a baya tun farko: makafi, da waɗanda hannunsu ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Rubutaccen kod manhajar karanta fuska na iya karanto wa makaho shi. Tubalin da sai an gani an ja kuwa ya rufe masa ƙofa. Masu Blockly da gidauniyar micro:bit sun daɗe suna aikin yadda za a sarrafa tubala da kibod kaɗai. Gyara irin wannan idan aka yi shi a Blockly, duk manhajojin da ke kanta za su iya gadonsa, shi ya sa wanda ke riƙe da ita yake da muhimmanci haka.

Akwai masu cewa tubala wasan yara ne, ba kodin na gaske ba. Jami'ar Harvard da Scratch take buɗe shahararren kwas ɗinta na kimiyyar kwamfuta, CS50. David Weintrop da Uri Wilensky sun gwada ɗaliban sakandare a Amurka, wasu da tubala wasu da rubutu, na mako biyar: 'yan tubala suka fi fahimta. Da aka mayar da su duka kan Java, bambancin ya ɓace. Abin da na fahimta a nan shi ne tubala na saukaka shiga, ba sa cutarwa, amma ba sa tsallakar da yaro zuwa rubutu da kansu. Sai an gina masa hanyar. MakeCode ta yi dabara a nan, don maɓalli ɗaya ke juya tubalan yaro su koma JavaScript ko Python a gabansa, ya ga ashe abu ɗaya ne.

Tambayar da ta fi kowacce zafi tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 ita ce: idan ƙirƙirarriyar basira na rubuta kod cikin daƙiƙa, me ya sa za a wahalar da yaro? Ai yarinyar da ta gano digiri 120 ba aikin kamfani ake shirya ta yi ba. Ta koyi rarraba matsala, da zargin amsarta, da bin kuskure har makwancinsa. Wanda bai iya wannan ba, idan inji ya ba shi amsa, ba shi da yadda zai san ko daidai ce. Abin da ke damuna ba injin ba ne, kuɗin ne. Masu ba da tallafi sun karkata ga ƙirƙirarriyar basira, har Code.org ta sauya shirinta na awa ɗaya na kodin, wanda ta faro a 2013, ya koma na basirar a 2025. Gyaran tsohuwar manhaja da albashin masu sa ido ba sa jan hankalin mai kuɗi kamar sabon abu.

Kuma manyan injinan basirar nan sun saɓa wa duk abin da ya sa tubala suka isa ga talaka. A kwamfutocin kamfani suke zaune, sai da intanet, kowace tambaya akwai wanda ke biyan kuɗinta, kuma abin da yaro ya rubuta yana fita daga ajinsu ya tafi inda malaminsa bai sani ba. Idan aka ɗaure Scratch ko wata 'yar'uwarta da irin wannan, ko dai a fara karɓar kuɗi, ko a dogara da alfarmar kamfani ɗaya, kuma mun ga yadda alfarmar ke ƙarewa. Akwai wata hanyar. Machine Learning for Kids, wadda Dale Lane ya gina a Ingila, da Teachable Machine ta Google, suna barin yaro ya horar da ƙaramin inji da hannunsa. Ya nuna wa kyamara tumatir sau da yawa, ya nuna mata attarugu, inji ya koyi bambancewa. A Machine Learning for Kids har yana iya haɗa abin da ya horar da tubalan Scratch, kyanwa ta riƙa faɗin sunan abin da aka nuna. Sai ya kawo ɗanyen tumatir kore, inji ya rikice, don duk waɗanda aka nuna masa ja ne. Yaron ya koma ya ƙara hotuna, ya sake gwadawa. Teachable Machine a cikin burauzar yaron take yin horon, ba sai an aika hotunan ko'ina ba, kuma irin wannan ƙaramin inji bai fi ƙarfin kwamfutar makaranta ba. A nan nake so in ga gidauniyar Raspberry Pi da ta Scratch sun zuba ƙarfinsu, su kuma sa shi ya yi aiki a waya, ba intanet.